Aisin da Na Roƙo Wurin Sale

Ku 'yan gyaran waya da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwar Gezawa, ina jinku duk ranar da na wuce da jakata. Kuna ce mini Baba mai tsofaffin akwatuna, wani ma har ya ɗaga murya ya ce wai aikina ai cire-ka-sa ne, a zare wanda ya ƙone a dasa sabo. Maganar ba ta cika damuna ba. Abin da ke damuna shi ne in ga kun canja gilashin waya kafin shayinku ya huce, mutane na tsaye a kanku suna jira, ni kuwa in yini a rumfa ba wanda ya yi mini sallama sai mai tallan rake. To tunda kun ce aikin mai sauƙi ne, bari in ba ku labarin aisi guda ɗaya, ku auna da kanku.

Aisi shi ne baƙin ɗan abin nan mai ƙafafu jere a gefe biyu, wanda ke zaune a kan fanel, wato allon da ke cikin kwamfuta. Naku na waya ƙanana ne kamar ƙwayar gero, iska mai zafi kuke hura musu su taso. Namu na da manya ne, wani ya kai tsawon yatsa, ƙafafunsa sun huda allon sun leƙa ta baya, kowace ƙafa an kama ta da dalma. In ya mutu ba ya sanarwa. Wani ya kumbura, wani ya tsage, amma yawancinsu suna nan fes a tsakiyar 'yan'uwansu masu kama ɗaya, sai ka ce lafiyarsu ƙalau. Gano wanda ya mutu shi ne rabin sana'ar. Ɗaya rabin kuma samo wanda zai gaje shi, tunda masu ƙera irinsu sun daina tun ba a haifi wasunku ba.

Aikin farko da na ga an yi a gabana, a shagon maigidanmu Malam Tanimu ne a birni. Mai gyaran rediyo ne tun asali, ya koma talabijin, da ofisoshi suka fara zubar da tsofaffin kwamfutocinsu ya ce ai duk wuta ce da waya, ya buɗe cikinsu ya shiga koyo da furfurarsa. Mu biyu ne yaransa, ni da Sale. Ni mahaifina ya kawo ni daga ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa, shi Sale daga wajen Ungogo, kuma kusan tare muka fara sharar shagon. Ran nan aka kawo kwamfutar wani mai buga takardu, in an kunna fanka ta juya, amma fuskarta baƙi ƙirin. Malam ya aike ni in sayo masa man kaɗanya. Na ɗauka faso ne ya dame shi. Da na dawo sai ya karyo tsinken tsintsiya, yana laƙato man yana ɗiga wa kowane aisi ɗan ƙwaya a gadon baya, har ya zagaye fanel ɗin. Ya ce in kunna in zuba ido. Ba a jima ba ɗigo ɗaya ya yi sheƙi, ya kwanta, ya fara gangarewa, sauran suna nan a daskare.

"Kashe," in ji Malam. "Ga shi nan. Mai zazzaɓi shi ke fara narkar da mai."

Daɗi ya kama ni, na juya in ce wa Sale ya zo ya ga abin mamaki. Yana can gefe yana cin gyaɗa, ko tasowa bai yi ba.

"Ƙyale shi," in ji Malam. "Tun kana hanya ya sunsuna ya nuna mini shi. Man saboda kai na aika a sayo."

Daga wannan rana na fara kishin Sale, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban sauke ba. Allah ya yi masa hanci. Ya sunkuya a kan fanel ya ja numfashi sau ɗaya, ya gaya maka ko kwandensa ce ta fashe, ko taransifoma ce ta dahu, ko aisi ne, kuma a wane lungu. Ni na sunsuna har na yi atishawa, duk warin ƙura nake ji da kashin ɓera. Na sha ƙona matattun kaya a bayan shago ina shaƙa, ko hancina zai koyi karatu, ban samu komai ba sai ciwon kai. Da na ga ba rabona ba ne, sai na rungumi mitar auna wuta da man kaɗanya da zama wuri ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai ayan, ƙarfen da ake narka dalma da shi. Na lantarki yana da daɗi in akwai wuta. In babu, akwai na jan ƙarfe da ake turawa cikin garwashin kurfoti, shi kuwa ba ya faɗa maka zafinsa, sai ka kusanto da shi kumatunka ka ji. Akwai matsefata, akwai tsohon buroshin haƙori na share fanel, akwai allurar sirinji da aka goge bakinta a dutse. In za ka cire aisi, sai ka narka dalmar ƙafa ɗaya, ka zura bakin allurar ƙafar ta shige cikinta, ka murza har dalmar ta huce, ƙafar ta rabu da allon. Daga nan ka koma ta kusa da ita. Ayan ya daɗe kaɗan, siririyar hanyar jan ƙarfen da ke shimfiɗe a allon ta ɗago kamar ɓawon gyaɗa, shi ke nan ka kashe fanel da hannunka. A nan kam na fi Sale, Malam da bakinsa ya sha faɗa. Sai dai masu kawo gyara ba sa tsayawa kallon mai cire ƙafafu. Wanda ya sunsuna ya faɗi ciwo nan take, shi suke ba da labarinsa a gari.

Da idon Malam ya yi rauni ya tashi rufe shago, ya kira mu ya raba mana abin da ke ciki. Ni ya ba ni ayan ɗinsa biyu da mitarsa da akwatin sukundirebobi. Sale ya nuna masa buhunan da ke jibge a ƙuryar shago, cike da matattun fanel da muke ce wa maƙabarta. Maƙwabta suka yi ta taya ni murna, wai ni aka ba dukiya, Sale aka bar shi da bola. Ni na san wanda aka ba dukiya. Ayan ko yau ka shiga kasuwa ka saya, amma abin da ke cikin buhunan nan ba ya dawowa duniya. Malam ya ɗora mana sharaɗi a kansu. Ya ce duk ran da na buƙaci wani abu daga maƙabarta kada Sale ya hana ni, ni kuma kada in je hannu rabbana, sai in tafi da gawar wanda ya ƙone, don mai bayarwa ya ga abin da ya kashe ta kafin ya saki mai rai. Muka ce mun ji. A raina na ce Allah ya kiyashe ni ranar da zan taka ƙofar Sale da gawa a hannu.

Sale ya koma Ungogo da buhunansa, ni na dawo Gezawa na kafa rumfa. Shekarun farko sun yi albarka. Shagunan buga takardu suna ta buɗewa, masu katin biki, masu buga tambayoyin jarrabawa, masu ɗaukar hoto, kowa da tsohuwar kwamfutar da ya sayo gwanjo. Na tuna ta wani hedimasta da aka kawo mini a bayan keke, an naɗe ta da tabarma. Ya ce tun hutun damina aka kulle ta a ofis, da aka dawo aka kunna ta yi tartsatsi ta yi shiru. Na buɗe na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan ƙafafun wani aisi, danshin damina ya jiƙa lakar, ta haɗa ƙafafun da bai kamata su gaisa ba. Na kankare, na wanke da fetur, na shanya, na canja abin da ya ƙone daga wani fanel da nake da shi. Hedimasta ya yi ta sa mini albarka, yana fita kuma ya juyo ya ce, "An ce akwai wani ɗan'uwanka a Ungogo da ke ganewa da hanci, gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne, na ci gaba da tattara kayana.

Sai mummunar shekara ta zo, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi ta taron tara kuɗi, damina ta wuce, kaka ta wuce, ba wuta. A daidai lokacin kuma wayoyin nan naku suka cika hannun mutane. Wanda da zai biya a buga masa wasiƙa sai ya latsa da babban yatsa. Shagunan buga takardu suka koma na cajin waya, wasu na sayar da taki. 'Yan gwangwan suka bi ƙauyuka da baro suna sayen tsofaffin kwamfutoci a kan sikeli kamar dawa, su farfasa da guduma su ɗebi abin da suke so. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yana dukan fanel mai lafiya, na roƙe shi ya sayar mini, ya ce an riga an auna. Shekarar nan na rataye jakar gyara na ɗauki fartanya, na yi gero da gyaɗa a gonar gidanmu, tafin hannuna ya yi kanta har na ji tsoron ba zan ƙara riƙe matsefata ba. A can Ungogo kuwa gonaki ne ke zama gidaje, gari yana matsowa har ƙofar Sale. Ya yi shago mai ƙofar gilashi da allon suna. Duk abin da 'yan gwangwan suka fasa, darajar buhunansa ce ke ƙaruwa. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na fi kowa zuba wa gonar Sale taki.

Wadda ta dawo da ni sana'a ita ce Hajiya Larai, mai shagon ɗinki a bakin titi. Ta sayo tsohon injin surfani daga birni, irin mai zana aikin wuya a shadda da kansa, tare da tsohuwar kwamfutar da ke ba shi umarni ta wata faffaɗar waya. Sababbin kwamfutoci ba su da bakin da wannan waya za ta shiga, don haka injin da kwamfutar tare suke raye, tare za su mutu. Ni nake duba mata su, in share ƙurar zare, in canja fanka, in ɗaure abin da ya saki. Saboda ita mutane suka ci gaba da ce mini Malam Iro mai gyara. Ba don ita ba da tuni na zama Iro manomi kawai.

Tsakiyar wani azumi na bazara aka aiko in zo maza. Na tarar shaddodin mutane tsibi-tsibi har kan benci, daga ƙauyukan da ke zagaye duk an kawo ɗinkin Sallah, telolinta sun yi tsuru-tsuru. Kwamfuta na kamawa, zane na fitowa a fuskarta, amma in an ba da umarni allura ko motsi. Ga wani ɗan ƙauri a ɗakin da kowa ke ji, ba wanda ya san daga ina yake fitowa, har da ni.

"Malam Iro," in ji Hajiya, "ban taɓa kai aikina wani wuri ba, kai ma shaida ne. Amma kayan nan na mutane ne, kuma Sallah ba ta jiran kowa. Yaran nan sun dame ni wai a kai Ungogo. In ka ga ya fi ƙarfinka ka faɗa mini tun da wuri, a ɗora a akori-kura."

"Hajiya, ba inda za a kai shi," na ce. "Ki ba ni lokaci kaɗan."

Na san in injin nan ya hau mota ya nufi Ungogo, ko ya dawo ba zai dawo hannuna ba. Ita kaɗai ta rage mini, ita ma Sale zai haɗa da sauran.

Wutar shagon daga janaretan maƙwabcinta Ɗanjuma mai injin markaɗe aka jawo ta. Na tambaye shi abin da ya faru, ya ce shi dai ya gama markaɗen ƙosan buɗa-baki ya kashe injinsa, sai ya ji ana salati a shagon Hajiya. Nan na fahimci rabin zancen. In babban inji ya saki janareta farat ɗaya, wutar da ya bari sai ta ruga ta faɗa kan ƙananan kaya. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan fanel da ake sokawa a jikin babban, shi ne ɗan aike tsakaninta da injin surfani, kuma a kansa na sa zato. Amma da rana tsaka a bazara man kaɗanya narkewa yake tun a cikin gwangwani, ba zai gaya maka komai ba. Na kai man gida na nutsa gwangwanin a randa ya kwana. Ana idar da sallar asuba na ɗauko Ɗanjuma ya tayar da janareta ba tare da markaɗe ba, na ɗiga man a kan kowane aisi na ɗan fanel ɗin, na kunna. Na tsakiya, mafi tsawo a cikinsu, kafin in gyara zama mansa ya zama ruwa.

A nan ne mai cire-ka-sa zai yi murna ya ce ya gama. Ni na kashe na ɗauko mita. Sau da yawa wanda ya ƙone ba shi ne mai laifi ba, shi aka zalunta. Kusa da shi akwai ɗan abu mai ƙafa uku da ke tace wuta kafin ta isa gare shi. Na auna na tarar ya daina tacewa, abin da ya shigo shi yake turawa gaba ɗungurungum. Da na dasa sabon aisi a haka, da kafin in ce bismillah ya bi ɗan'uwansa. Mai tace wuta ba wuya, na ciro irinsa daga wata matacciyar talabijin na sa. Sannan na hura kurfoti na zauna cire aisin ƙafa-ƙafa, ga azumi, ga garwashi a gabana, gumi na ɗiga daga gemuna ina kauce masa kada ya faɗa kan allon. Ya fito ba hanya ko ɗaya da ta ɗago. Na sa shi a kwalin ashana.

Na shiga birni da shi. Masu sayar da kayan gyara suka karanta lambar da ke bayansa suna miƙa wa juna, wani ya ce kakansa ne zai san wannan. Na je filin 'yan gwangwan na tona tarin ɓaraguzai har na yanke a yatsa. Na tona 'yan buhunana na gida sau ba adadi, kamar wanda ke fatan abin zai haihu a ciki. Duk inda na juya, hanya ɗaya ce ta rage, kuma na san ta tun ranar da na ga lambar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau motar birni, na sauka na shiga adaidaita-sahu zuwa Ungogo, kwalin ashana a aljihun gabana.

Sale na zaune ƙarƙashin fankar sama, ya yi ƙiba, ya sa farin tabarau. Da ya gan ni ya miƙe har yana ture kujera.

"Iro! Yau wace rana? Ashe kana gane hanya."

"Hanya ba ta ɓata ba, Sale. Ya ibada? Ya iyali?"

Muka gaisa, muka yi wa Malam addu'a, tunda ya riga mu gidan gaskiya. Ina amsa gaisuwa idona na kan kantocinsa, komai a jere cikin kwalabe, kowace da alamarta. Da gaisuwa ta ƙare na ciro kwalin na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya ɗauki gawar da yatsu biyu, ya kai hancinsa ya lumshe ido.

"Wannan ba tsufa ne ya kashe shi ba, ƙoshi ne. Wuta aka ɗura masa. Ka duba mai tacewar?"

"Na duba, na canja."

"Na san za ka duba."

Abin da na kwana ina sanyaya mai a randa, na yi sammako, na auna da mita kafin in gano, shi ya gano da numfashi ɗaya yana zaune ƙarƙashin fanka. Raina ya yi baƙi, ga azumi a bakina, ina ta istigfari a zuci. Ya juya gawar ya karanta lambar.

"Injin surfani ne. Na Hajiya Larai."

Ban faɗi mai shi ba, da gangan kuma na ƙi faɗa.

"Kwantar da hankalinka," ya ce. "Babban telanta ya kira ni a waya, wai in zo in duba. Na ce masa aikin da Iro ya buɗe ba na sa masa hannu, sai ran da Iro ya ce da bakinsa ya gaza."

Wallahi da ya ƙwace aikin da ya fi mini sauƙi, da na sami abin zaginsa har ƙarshen rayuwata. Ga shi ya fi ni hanci, ya fi ni shago, yanzu kuma yana nema ya fi ni hali. Ya shiga ɗakin baya, na ji yana jan buhuna. Ya daɗe kafin ya fito, ƙura har girarsa, riƙe da wani ɗan fanel da gefensa ya cinye da tsatsa. A tsakiyarsa ga aisin zaune, lamba ɗaya da tawa.

"Tafi da shi duka ka cire a can da allurarka. Amma ka sani, iya sanina shi kaɗai ya rage a ƙasar nan. In ka ƙona shi, ni da kai da Hajiya duk mun huta."

Na sa hannu aljihu, ya ɗaure fuska ya ce in na ciro kuɗi zai karɓe kayansa. Na fito ina godiya da baki kawai.

Washegari da sanyin safiya na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Cire mai rai ya fi cire gawa wuya, domin gawa ba ta jin zafi, shi kuwa mai rai in ayan ya daɗe a ƙafarsa zafin ya haura ya kashe shi a hannunka ba ka sani ba. Na jiƙa ɗan tsumma na ɗora masa a baya. Ƙafa ɗaya a wannan gefe, in tsallaka ɗaya gefen, in dakata ya huce, in dawo. Telolin Hajiya suka zagaye ni, na ce kowa ya ja baya, numfashinsu ma ya dame ni. Da ya fito na miƙe ƙafafunsa da matsefata, na duba ɗan gibin da ke gefe ɗaya na kansa, wanda ke nuna inda zai fuskanta. In ka juya shi baibai, kunnawa ɗaya ya isa. Na duba gibin, na duba alamar da ke allon, na sake dubawa kamar mai kokwanton alwala. Sannan na zaunar da shi na bi ƙafafun da dalma, kowace ɗigo ɗaya mai sheƙi, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta.

Kafin in kunna na sa Hajiya ta kira Ɗanjuma. Na ce daga yau ba zai kashe markaɗe ba sai ya buga bango an zare wayar shagon, ita kuma ta nemi na'urar daidaita wuta ko ta gwanjo ce. Suka amsa. Na ɗiga wa sabon aisin man kaɗanya, na yi bismillah, na kunna. Man ya tsaya. Ya ɗan yi laushi a hankali, irin ɗumin mai lafiya, bai gangara ba. Babban tela ya shimfiɗa ƙyalle ya ba da umarni. Injin ya yi wani ɗan gurnani, allura ta ɗaga, ta sauka, ta shiga bin zane tana tafiya kamar ba abin da ya taɓa samunta. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Ni kuwa na zauna a kan tarin shaddar mutane ba wanda ya ce in tashi.

"Malam Iro, Allah ya yi maka albarka," in ji Hajiya. "Sun ce ba a samun abin nan ko a birni. A ina ka samo?"

A sana'armu ba a sa wa mutum kayan da aka ciro daga mataccen inji a ɓoye masa asalinsu, don in ya ba da matsala gobe ya san inda za a bi. Na so ƙwarai in ce a buhuna na tsinta. Telolin duk sun zuba mini ido, babbansu har da ɗan murmushi.

"Wurin Sale na karɓo, Hajiya. Na Ungogo."

"Allah sarki," ta ce. "Ashe mutumin kirki ne."

Injin ya yi ta aiki har aka ga wata, ba wanda ya tafi idi da wuyan riga fari a cikin masu kawo mata ɗinki. Ana gobe Sallah ta aiko in zo. Na tarar ta ajiye jamfa biyu na shadda a kan tebur, an goge an ninke, kowace da aikin wuya. Ta ce ɗaya tawa, ɗaya in kai wa Sale.

"Na ce a ƙara wa tasa tsawo, an ce ya ɗan fi ka."

"Ya ɗan fi ni," na ce.

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba guga. Tawa aikin ya tsaya a wuya. Tasa ya zagaye wuya ya gangaro ƙirji har bakin aljihu, da zare mai ruwan zinariya. Injin da na tayar da hannuna, ina gumi a gaban kurfoti da azumi a baki, shi ya zana wa Sale wannan. Ina nan riƙe da ita Hajiya ta dube ni da fara'arta, da zuciya ɗaya kuma take magana.

"Na gaya wa yaran nan kada wanda ya ƙara yi mini zancen kai injina wani wuri. Daga yau ko me ya same shi, kai zan kira, Malam Iro. Ai kai ka san hanyar gidan Sale."

Na ce na gode, Hajiya. Na haɗa jamfofin biyu a leda ɗaya, na fita bakin titi neman motar Ungogo.